Situdiyon podkas mai barista a gefe

Masu tambayata inda muke ɗaukar shirinmu na siyasa, wani situdiyo ne a wajen Zoo Road a nan Kano a saman bene, ba zan kama suna ba kar a ce biyana aka yi. Ɗaki ne ɗan madaidaici an manne bangonsa da soso, makirfo huɗu, kyamara biyu, ga sola don haka ko NEPA sun ɗauke aiki ba ya tsayawa. Sauti kam ya yi wallahi, ko hon ɗin 'yan adaidaita ba ya shigowa. AC ɗin ne dai sai a hankali, in kun yi yawa da rana kowa sai ya jiƙe.

Abin da ya riƙe ni a wajen daban ne. In ka ƙara kuɗi a kan na editin akwai wani barista da suke aiki da shi, zai saurari rikodin ɗin gaba ɗaya kafin a ɗora a YouTube, ya turo maka ta WhatsApp, minti kaza zuwa minti kaza a yanke. Wani baƙonmu, irin sojojin bakan nan da in suka ga makirfo ba birki, ya ce wai wani ciyaman ya yanka filin makaranta ya sayar ya sayi gida a Abuja. Barista ya kira ni ya ce Malam akwai takarda? Na ce ranka ya daɗe ai baƙo ne ya faɗa kuma ya sa "wai" a gaba. Ya ce "wai" ba ta hana sammaci, wanda ya ɗauki magana ya yaɗa shi ma ya ɓata suna, kuma tasha taka ce, kai za a fara nema.

Kuma ba tsorata ni yake ba. A nan Arewa ɓata suna ba ƙarar neman diyya ce kawai ba, laifi ne a Penal Code, sashe na 391 da 392, ana iya ɗaure mutum har shekara 2. Ga dokar laifukan intanet ta 2015 da sashenta na 24 wanda kotun ECOWAS ta ce a 2020 ya tauye 'yancin magana, an yi masa gyara a 2024 amma har yau ana ɗaukar mutane da shi. In kuma bakin baƙonka ya zame ya jingina wa wani zina, to an koma ƙazafi, kotun shari'a, bulala 80. Wa ya manta 'yan TikTok biyun nan da kotun majistare a nan Kano ta yanke wa bulala 20 da sharar kotu ta kwana 30 a 2022 saboda bidiyon barkwanci a kan Ganduje yana gwamna?

Inda muke samun saɓani da shi, tsantseninsa wani lokacin yana wuce gona da iri. Ya so a cire inda muka ce gwamnati ta gaza a kan ruwan sha, unguwanni da yawa sai 'yan garuwa. Haba barista, wannan ai suka ce a kan abin da kowa ke gani a ƙofar gidansa, ba wanda muka kira ɓarawo, in har wannan ma sai an yanke to me sashe na 39 na tsarin mulki, na 'yancin faɗin albarkacin baki, ya bar mana? Sai da muka ja kafin ya bari.

Sai jinkiri. Aikin yakan kwana biyu ko uku a hannunsa, magana mai zafi irin ta rikicin masarauta kafin ka ɗora gari ya koma wani zancen. Masu yin shiri kai tsaye kuwa wannan tsarin ba zai musu komai ba, abin da ya fita ya fita.

In za ka je ka kama lokaci tun da wuri don yamma cika take yi, kuma ka gaya wa baƙonka ya taho da takardun duk abin da yake shirin fasawa.