Jirgin Abuja zuwa Birnin Kebbi

Rashin lafiyar Inna ne ya sa na hau jirgi. Wanda ya san hanyar Kontagora, Yauri, Koko har Jega ya san wuni guda ce cur a mota, ga ramuka, ga zullumi. Ta sama kuwa kusan kilomita 500 ne, tafiyar kamar awa ɗaya. Ko ruwan da ma'aikaciyar jirgin ta miƙo mini ban shanye ba, na hango fadamun shinkafa kore shar, muka sauka a filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa.

Abin da ya sosa mini rai, mun yi zaman jiran awa biyu kamfanin bai ce mana uffan ba. Tikitin ma akwai tsada. Amma la'asar a ɗakin Inna na yi ta, ta riƙe hannuna tana cewa, "Har ka iso?"