Wasiƙa daga Faransa: a nan har uwar yaro ake jinya

Yaya, ina gaisuwa da fatan alheri. Ina Inna da ƙafarta, ina iyali, ina mutanen Tawa baki ɗaya? Ka miƙa gaisuwata ga Goggo, ka sake yi mata ta'aziyya a madadina. Wasiƙar taka ce, amma ina roƙonka ka karanta ta a zaman ƙungiyar ƴan garinmu, don maganar ta fi ƙarfin mutum ɗaya.

Tun daren da ka kira ni ka faɗa mini rasuwar jikan Goggo ban samu sukuni ba. Yaro ɗan shekara bakwai. Na tuna yadda kuka ba ni labari tun farko: muƙamuƙi ya kumbura, aka ce haƙori ne, aka ce daji ne, aka yi ta shafe-shafe har wata biyu kafin a hau kar zuwa Yamai. Kilomita fiye da 500, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, yaro a cinyar uwarsa. Da aka fara ƙarin ruwan maganin, kumburin ya saɓe, kowa ya yi hamdala. Sai guzuri ya ƙare, uwar tana kwana a tabarma a farfajiyar asibiti, ruwan shuka ya sauka, uban ya ce gona ba ta jira. Suka dawo gida da sauran zagayen magani ba a yi ba. Sauran ka sani. Kwana ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah, kuma ba na ganin laifin uban ko kaɗan. Da ni ne, da wuya in yi dabam.

Abin da ya sa abin ya tsaya mini a rai shi ne sana'ata. Ka san taksi nake tuƙawa, amma ban taɓa yi maka bayanin irinta ba. Motata tana cikin waɗanda suka yi yarjejeniya da hukumar inshorar lafiya. Likita ya rubuta takarda, in je ƙofar gida in ɗauki maras lafiya, in kai shi asibiti, in maido shi, kuma hukumar ce ke biyana. Sau da yawa hanyata Villejuif ce, kudu da Paris, inda asibitin Gustave Roussy yake, wanda ya shahara a kan ciwon daji. A bayan motata na ɗauki yara da yawa, kai ba gashi, ƙyalle a hanci, uwa a gefe. Wasu na kai su wata da watanni har na ga gashin ya sake tsirowa, sun koma lakwal.

A nan idan aka tabbatar yaro yana da wannan ciwo, ana sa shi cikin jerin cututtuka masu dogon jinya, sai inshora ta ɗauki kuɗin maganin gaba ɗaya. Ba a miƙo wa uba takarda a ce ya zaga farmasi ya nemo allura. Jini, hoto, gwaji, maganin kashe zafi, duk suna nan cikin asibitin. Wannan kowa zai yi tsammani, ƙasa ce mai arziki. Abin da ya ba ni mamaki dabam ne: yadda ake tallafar iyayen. Doka ta ba uwa ko uba damar ajiye aiki har kwana 310 cikin shekara uku don jinyar ɗa, ba a korarsa, kuma ana ba shi ɗan kuɗi a kan kowace ranar da ya zauna. Daf da asibitin akwai gidan saukar iyaye da aka buɗe tun 1991, mai ɗakunan kwana da madafa, inda mace za ta dafa abin da ɗanta ke marmari. Malamai suna bin yara har gado da darasi. Har masu wasan barkwanci suke shigowa da jan hanci su sa yaro dariya.

Wata doka kuma, da na ji labarinta sai gayyar noma ta faɗo mini. Wani yaro mai suna Mathys ya kamu da ciwon daji, abokan aikin ubansa suka tara masa kwanakin hutunsu har 170 don ya zauna kusa da ɗansa. Yaron bai tashi ba, amma a 2014 aka mai da abin doka: ma'aikaci yana iya ba abokin aikinsa kyautar kwanakin hutunsa idan ɗansa na kwance. Yaya, wannan ai halinmu ne. Mu ne idan mutum ya kwanta da damina ake taruwa a nome masa gona. Su sun rubuta shi a takarda ne kawai.

Kada ka ɗauka komai a nan daidai yake. Na taɓa ɗaukar wata mata da ta yi mako uku a ɗakin jinya, ta ce mini ban da ma'aikata ba wanda ya leƙo ya ce mata sannu. Na tuna ranar da Baba ya kwanta, kwanonin fura da tuwo har ba wurin ajiyewa. Kuma a nan ma ana rasa yara. Akwai gidajen da aka daina kirana, ban kuma tambaya ba.

Amma tazarar tana da girma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace shekara yara da matasa wajen 400,000 ne ke kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 suna warkewa, a yawancin ƙasashe irin namu ba su kai 30 ba. Cikin dalilan da ake lissafawa akwai zuwa a makare da barin magani a tsakiya, wato daidai abin da ya same mu. Ciwon da likitoci suka ce jikan Goggo yana da shi, wanda ake kira Burkitt da sunan likitan da ya bayyana shi a Yuganda a 1958, ya fi yawa a inda zazzaɓin sauro ya yi katutu. Yana girma da sauri ƙwarai, amma yana cikin masu jin magani. Shi ya sa kumburin ya saɓe nan da nan, shi ya sa kuma mutane ke ruɗuwa su ce an warke. Tushen yana nan, sai an cika zagayen duka.

Ba a zaune ake ba. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri tare da asibitin St. Jude na Amurka, da burin yaran da ke warkewa su kai 60 cikin 100 nan da 2030. A wannan asibiti na Villejuif ne Farfesa Jean Lemerle ya kafa GFAOP, ƙungiyar likitocin Faransa da Afirka masu kula da ciwon dajin yara, a 2000, wadda ke horar da likitocin Afirka tana taimaka musu da magunguna. A Yamai muna da cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji, kuma tun 2021 ana gasa ciwon da hasken na'ura a can. Tun 2006 aka ce jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ce. To amma namu yana da bakwai, kuma ko magani ya zama kyauta, ba ya biyan kuɗin kar, ba ya ciyar da mai jinya, ba ya nome gona.

Wannan ɓangaren shi ne nake ganin ba sai mun jira kowa ba. Wani abokin aikina ɗan Maroko ya ba ni labarin gidan da wata ƙungiya ta buɗe a Rabat don saukar iyalan yara masu wannan ciwo da suka zo daga nesa. Mu Adarawa da muka cika Abijan da Libiya da Turai wajen biɗa, muka gina masallatai, muka haƙa rijiyoyi, ɗaki biyu a Yamai ba zai gagare mu ba. Ga shawarata: a kama hayar ɗan gida kusa da asibiti, a sa tabarmi da gidan sauro da buhun hatsi da na shinkafa, a samu dattijuwa cikin ƴan uwanmu mazauna Yamai ta riƙe makulli. A ware asusu na kuɗin mota, zuwa da dawowa, a kan kowane zagayen magani. A gida kuma samari su ɗauki alkawarin gonar duk wanda ya tafi jinyar ɗa. Mu da ke nan mun zauna, mu mutum tara, kowa ya yarda da yuro 10 a wata, wajen jikka shida da rabi ke nan kowane mutum. Kaɗan ne, amma a fara.

Sai abu ɗaya da nake so matarka ta faɗa wa mata a wurin biki da suna. Kumburin muƙamuƙi ko na wuya da ke ƙaruwa, ƙullutu mai tauri a cikin yaro, farin abu a ƙwayar ido mai ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro tare da ɗashewa da zubar jini: duk wanda aka gani, a kai likita a makon, kada a jira kaka. A yi addu'a, a sha rubutu, amma a hau mota.

Ka tambayar mini Kawu na Yamai nawa ake hayar ɗaki biyu da tsakar gida a unguwannin da ke kusa da cibiyar, kuma ko matarsa za ta yarda ta riƙe makullin. In kun zauna ranar Juma'a, ka kira ni bayan sallar isha'i, lokacin na ajiye mota.

Ƙaninka.