Rufin feshi a bayan a-kori-kura: abin da damina biyu ta nuna mini

Hilux ɗina ba ta hutawa. Da rani tana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa Birnin Kebbi, da kaka kuma buhunan shanshera daga fadamar Argungu, sannan a kowane lokaci akwai takin zamani da injin ban ruwa. Takin yuriya ne ya fi cutar da ita, domin yana jan laima, kuma duk inda fenti ya kuje ya sami ƙarfe, tsatsa za ta biyo baya. Wannan ne ya sa na nemi rufin da ake fesawa a bayan mota.

Na fara da mai araha, wato baƙin fenti mai kwalta da wani mai gyaran bodi ya fesa mini, irin wanda asalinsa don ƙarƙashin mota aka yi shi. A makon farko ya yi kyau ƙwarai. Amma da watan Afrilu ya kama, zafin rana ya haura digiri 40, sai ya yi laushi har buhuna suna fitowa da baƙin tabo, kuma ranar da fetur ɗin injin ban ruwa ya zuba a kansa, wurin ya narke gaba ɗaya. Kankare shi ya ci mana kwana biyu.

Daga nan ne na sayi Raptor na kamfanin U-POL. Kwalin yana zuwa da kwalabe huɗu da kuma lita ɗaya ta sinadarin da ke sa shi ya daskare, ana zuba kashi ɗaya na sinadarin a kan kashi uku na fentin, a girgiza kamar minti biyu, a ɗaura kwalbar a bindigar feshi. A nan ne na fahimci cewa rabin aikin yana ƙarewa tun kafin a buɗe kwalba. Mai fentin, wani dattijo mai haƙuri, ya goge bayan motar da samfefa lungu-lungu, ya wanke maiƙo, ya sa fentin share fage a wuraren da ƙarfe ya fito tsirara. Da na nuna gaggawa, sai ya ce mini, "Alhaji, in ka ɗora shi a kan tsatsa, tsatsar ka yi wa bargo." Da asuba muka yi feshin, saboda da zarar an haɗa kwalba, kusan awa ɗaya ake da ita, kuma zafi yana rage wannan lokaci. Mun yi shafi biyu, na kuma ajiye motar mako guda kafin in ɗora mata kaya mai nauyi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai cin abinci da ita.

Yau damina biyu ke nan. Bai yi laushi a rana ba, baƙinsa bai koɗe sosai ba, kuma kaushinsa yana hana buhu zamewa a kan hanya mai gargada. Wuri ɗaya da ƙafar injin ta kuje shi, na sake shafawa da kaina.

Akwai rufi iri na uku da ban saya ba, amma na daɗe ina lura da shi a motar wani abokin sana'ata wadda ta zo daga Amurka da rufin Line-X. Irin wannan ana fesa shi ne da zafi, da inji mai ƙarfin matsi, yana bushewa cikin daƙiƙoƙi, kuma kaurinsa ya fi na nawa nesa ba kusa ba. Mai ɗaukar rodi ko duwatsu, shi ya fi dacewa da shi. Sai dai aiki ne na ƙwararrun da ke da wannan injin, ba na garejin unguwa mai kwamfuresa ɗaya ba. Ga mai ɗaukar hatsi da taki irina, mai haɗi biyu irin Raptor, wato fenti da sinadarin daskarewa, ya wadatar, kuma gyaransa yana hannu.

Abu ɗaya yana damuna. Sinadarin da ke daskarar da waɗannan fentoci yana da illa ga huhu, kuma na sha ganin yaran gareji suna feshi da hankici kawai a hanci. Ni na saya wa mai fentina takunkumi mai matata da safar hannu kafin a fara, na kuma roƙe shi ya janye yaransa daga inda iska ke kai feshin. Duk wanda zai kai motarsa, ya sa kuɗin wannan takunkumi cikin lissafinsa.