Gargaɗi ga masu kiwon sikilid: na biya kuɗin maza biyu da mata shida, aka kawo mini mata takwas

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin na yarda in rubuta ta, domin akwai kunya mutum ya fito ya ce an yi masa sakiyar da ba ruwa a kan abin da yake ganin ya sani. Shekarata shida ina kiwon sikilid, wato wani dangin kifi da ake ajiyewa don ado, a tankin gilashi a gida. Da mbuna na fara, wato sikilid masu zama cikin duwatsun Tafkin Malawi, na sha ganin mace ta riƙe ƙwai a baki har mako uku ba ta ci komai ba, na kuma raini 'ya'yan da hannuna har suka girma, saboda haka kada wani ya ɗauka jiya na shiga harkar. Duk da haka sau uku na tura wa wani mai sayar da kifi kuɗi, sau uku, kuma abin da ke yawo a tankina yau mata takwas ne, babu namiji ko ɗaya.

Abin da na nema shi ne Aulonocara na Tafkin Malawi, wanda masu kiwo ke kira ɗawisu saboda launin namijin. Muka yi ciniki a kan kifi takwas, maza biyu da mata shida, duka nau'i ɗaya, waɗanda ya ce sun kusa fara haihuwa. Maza biyu da mata shida, haka yake a rubuce cikin hirarmu, kuma hotunan hirar suna nan a wayata.

Abin da ke hana ni barci shi ne ranar farko, domin a ranar ƙin sayar mini ya yi. Na ce ya ba ni lambar asusu, sai ya ce: “Malam, dakata tukuna, ba na sayar da kifina sai na san ruwan da za su shiga. Nawa ne pH ɗinka?” Ma'aunin tsamin ruwa yake nufi. Na ce 8, zafin ruwa kuma 26 a ma'aunin Salshiyas, tankin lita 240 ne. Ya tambaye ni ko tsakuwa na shimfiɗa ko yashi, da yake ɗawisu yashi yake tona da baki yana neman abinci. Ya tambaya ko matatar ruwan ta nuna, wato ta fara cinye gubar da kashin kifi ke haifarwa, ko na gwada gubar nan ta amoniya na ga babu. Daga nan ya ce in ƙara mako guda in sake gwadawa. Ku gaya mini, wane ɗan damfara ne ake miƙa wa kuɗi ya ce a ƙara mako guda? Na sake karanta wannan saƙon ya fi sau ashirin, kuma har yanzu ban ga inda mai hankali zai yi zargi ba. Duk tambayar da ya yi, ita ce ni ma zan yi wa wanda ya zo sayen 'ya'yan kifina.

Kuɗi na uku shi ne ya fi yi mini ciwo, na jigilar namijin da ya ce zai aiko a madadin biyun. Amma na tsallake, bari in koma baya. Na farko kuɗin kifin ne, na biyu kuma na jigila, wanda bai ambata ba sai bayan na biya na farko, wai akwatin da ke riƙe ɗumi da iskar oksijin da ake ɗura wa leda. Na biya ban yi musu ba, domin na san kifi mai rai ba a aika shi haka kawai. Kafin wannan ma, ko kuwa bayansa ne, ya turo mini bidiyon wata mace tana tofar da 'ya'ya a cikin raga, ya ce ita ce uwar kifin da zai aiko mini. Daga baya na ci karo da bidiyon nan a shafin wani mai kiwo a wata ƙasa, an ɗora shi tun shekaru biyu da suka wuce.

Kifin sun iso da rai, kuma wannan ne ya ƙara rufe mini ido. Biyun da ya kira maza ba su wuce santimita 5 ba, amma kawunansu shuɗi ne mai ƙyalli, jikinsu kuma ruwan ƙwai. Na tsaya gaban gilashin ina murna kamar yaro. A nan ne ya kamata in tsaya in yi tunani, domin namijin ɗawisu a hankali yake fitar da launi yayin da yake girma, kuma yawanci wanda ya fi ƙarfi ne ke fara haskawa, ɗayan ya dusashe don gudun faɗa. Waɗannan kuwa su biyu suna ƙyalli iri ɗaya, babu mai tona rami a yashi, babu mai korar wani, babu mai karkaɗa jiki a gaban mace. Na ce baƙunta ce.

A mako na biyar shuɗin ya fara ja baya, a na bakwai kuwa sun koma ruwan toka mai ratsi kamar sauran shidan. Na canja ruwa, na canja abinci, na zargi fitilata, na zargi komai ban da shi. Ana cikin haka wata mace ta ƙi cin abinci, maƙoshinta ya kumbura, tana motsa baki kamar mai tauna. Na rubuta ranar a takarda na manna a jikin tanki, na haɗa ƙaramin tanki mai lita 40 da matatar soso, na sayi ƙwan atimiya, wasu ƙananan halittun ruwa masu kama da jatanlande, na gwada ƙyanƙyashe shi a kwalbar ruwan gishiri domin abincin farko na 'ya'yan. A kwana na huɗu na gan ta tana wawason abinci, baki wayam. Ƙwan da namiji bai ba shi maniyyi ba, haɗiye shi take yi ko ta tofar. Sau biyu aka yi haka.

Wani abokina da ya fi ni daɗewa a kiwon ne ya zo ya kama su ɗaya bayan ɗaya, ya kifar da kowanne a jiƙaƙƙen tafinsa, ya duba kafofi biyun da ke gaban fiffiken ƙasa. A mace, kafar ƙwai ta fi ta kashi girma. A namiji kusan daidai suke. Ya ƙirga takwas, ya ɗago ya dube ni bai ce komai ba. Bayaninsa shi ne an ciyar da biyun da sinadarin homon na maza, irin wanda masu gonar karfasa ke haɗa wa ƙananan 'ya'yan kifi a abinci domin su tashi maza. Idan aka ba macen ɗawisu, launin namiji take ɗauka na ɗan lokaci, da zarar an daina kuma ya zube, kuma yana iya lalata mata haihuwa. Ya ƙara da abin da ya fi wannan muni: matan Aulonocara na nau'i daban-daban kama suke yi da juna ƙwarai, don haka ba ni da hanyar sanin ko shidan ma nau'i ɗaya ne. Ko na sayi namiji na gaskiya gobe, 'ya'yan na iya fitowa ruwa biyu, kuma ni ba zan sayar wa kowa ruwa biyu da sunan tsantsa ba.

Da na tuntuɓe shi bai yi gardama ba, haƙuri ya ba ni. “Yayana, laifin yaron da ya kama su ne, zan aiko maka da babban namiji kyauta, kuɗin jigila kawai za ka tura.” Na tura. Na san abin da za ku ce, amma mutumin da ya taɓa cewa in ƙara mako guda ne yake magana. Bayan kwana biyu ya toshe lambata, kuma yanzu tallarsa na nan da wani suna, da hotunan nan dai, da bidiyon nan dai.

Kada ku sayi ƙaramin ɗawisu mai cikakken launi, kuma ku nemi sabon bidiyo da sunanku a rubuce a takarda a gaban tankin. Rasit uku da hotunan hirar zan ɗora su da zarar na rufe lambar asusuna da ke jiki, tare da hoton biyun a ranar da suka iso da kuma na yau, ku ga bambancin da idonku. Kifi takwas, biya uku, wata biyar ina jira. Ƙaramin tankin ma ban kashe matatarsa ba har yanzu, tana nan tana fitar da kumfa a ruwan da babu komai a ciki.