Laccocin tarihin Kano a ɗakin karatu: amfaninsu da inda suke buƙatar gyara

Ƙungiyar masu tallafa wa wani ɗakin karatu a cikin birnin Kano tana gayyato baƙi su yi magana kan tarihin gari, ranar Asabar bayan la'asar, kuma ba a biyan ko sisi. Na halarci zama huɗu. Duk mai hali ya je, domin abin da ake ji a wurin ba a samunsa a aji. Sai dai akwai gyara, kuma yawancinsa ba na kuɗi ba ne.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke haɗa malamin jami'a da dattijon unguwa a tebur ɗaya. A zaman da aka yi kan ganuwa, malamin ya kawo abin da tsohon littafin Larabcin nan, Tarihin Kano, ya ce: Sarki Gijimasu, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin, sannan Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya kafa kasuwar Kurmi, ya gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa. Malamin bai tsaya nan ba. Ya bayyana cewa rubutun Larabcin tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa, shekarun miladiyyar nan kuwa lissafi ne da aka yi ta hanyar ƙirgawa baya, kamar yadda suka fito a fassarar Turanci da wani Bature mai suna Palmer ya yi a 1908. Ke nan duk shekarar da ta yi nisa, a riƙe ta da sassauci. Wannan bayanin kaɗai ya isa a ce an amfana, don ɗalibai da yawa suna haddace 999 a matsayin shekarar hawan Bagauda, sarkin Kano na farko, ba tare da sanin yadda aka samo ta ba.

Da dattijon ya karɓa sai ya sauko da maganar ƙasa. Ya ɗora yatsa a taswira yana bin ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, Kabuga, Dukawuya, Gadon Ƙaya, Na'isa, Ɗan Agundi, yana faɗin aikin sarkin ƙofa, da yadda kududdufan cikin gari suka samu daga haƙar ƙasar gini. Malami yana da takarda, dattijo yana da wurin a idonsa, kowa ya cike giɓin ɗan'uwansa.

Matsala ta farko lokaci ce. Tsakanin la'asar da magariba abin da ake da shi bai wuce awa biyu ba, kuma ba a fara zama sai wajen huɗu da rabi. Gaisuwar manyan baƙi da karanto tarihin mai jawabi sukan cinye kusan rabin awa, sai a kira salla ana tsakiyar tambaya ta biyu. Minti 5 ya isa gabatarwa, 40 na jawabi, a bar aƙalla 25 don tambayoyi, saboda a nan ne tsofaffin da ke cikin masu sauraro suke fito da abin da suka sani.

Majigi ba ya aiki a ɗakin. Hasken yamma yana shigowa ta tagogi ya wanke hoton, idan kuma aka tada janareta ƙararsa ta danne muryar mai magana. Ranar da aka buga taswirar birni a babbar takarda, kwafi goma, aka raba layi-layi, ta fi kowace rana armashi. Lasifika mai caji guda ɗaya ta wadatar, muddin an cika ta tun safe.

Inda na fi damuwa shi ne naɗar murya. Ana naɗa da waya, amma daga kujerar baya, sai ka saurara ka ji fanka da tari sun fi maganar fitowa. Wayar a aje ta gaban mai jawabi, tazarar kamu ɗaya, a kan ƙyalle mai ninki don kada ta ɗauki bugun tebur, a rufe layinta saboda kira yana katse naɗi. A nemi izininsa tun kafin a fara. Bayan an tashi a juye a kwamfutar ɗakin karatu da sunansa da kwanan wata, a kuma aje kwafi na biyu a wani wuri. Dattijon da ya haura tamanin ba lallai ne a sake samun irin wannan zama da shi ba.

Zaman da aka yi kan shigowar Turawa a 1903 ya ɗau zafi. An yarda cewa Sarki Alu yana Sakkwato lokacin da aka ci birnin, an yarda Waziri Ahmadu ya rasu a yaƙin Kwatarkwashi, an kuma naɗa Abbas sarki. Amma da aka zo kan wa ya tsaya wa ya juya, sai murya ta fara tashi, domin jikokin mutanen suna zaune a ɗakin. A irin wannan wuri mai gabatarwa yana buƙatar tambaya ɗaya da zai yi wa kowa cikin ladabi: Baba, daga bakin wa aka ji wannan? Da ya fara yin ta, gardamar ta koma ruwaya, kowa yana ambaton wanda ya gaya masa.

Mata ba su da yawa, kuma dalilin a fili yake, lokacin ya ci karo da girkin dare. Zama ɗaya da hantsi a kowane wata uku zai buɗe musu ƙofa, har a gayyato tsofaffin mata su yi magana kan saƙa da kaɗi da al'adun aure. Haka nan ya kamata a jera littattafan da suka shafi maudu'in ranar a tebur kusa da ƙofa, tunda a ɗakin karatu ake.

Wanda zai je ya yi la'asar a masallacin kusa, ya nemi kujera a layi uku na gaba, ya kuma riƙe biro da littafin rubutu, don sunayen unguwanni da na sarauta suna zuwa da sauri.