Manhajar lissafi ko akanta? Amsa ga ƙanwarmu mai sayar da gwanjo ta waya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kina tsakanin biyan manhajar lissafi wata-wata da ɗaukar akanta, ga kuma maganar haraji da ta hana ki sukuni. Ki ɗauki akanta. Ba ina nufin na babban ofis mai sakatariya a bakin ƙofa ba, a'a, wanda zai riƙa leƙo ki sau ɗaya a wata ya zauna da littafinki da takardar asusunki ta banki. Na taɓa duka biyun, kuma wanda nake biya har yau shi ne akanta.

Manhajar tana fitar da rasit mai kyan gani, tana kuma tuna miki masu cin bashi. Iyakar yabon da zan yi mata ke nan. Wadda na biya wa kuɗin shekara, don mai shagon kayan masarufi aka ƙera ta: katan ɗin taliya guda ashirin ne a ciki, duk iri ɗaya, kuɗin saye ɗaya, kuɗin sayarwa ɗaya. Mu kuwa dila muke fasawa, wato babban ƙunshin gwanjo da aka matse aka ɗaure. Riga ɗari biyu za su zubo, babu biyu masu kama da juna, ita kuma manhaja ta kafe sai kin rubuta mata nawa kika sayi kowace ɗaya. Nawa kika saya? Ke ma ba ki sani ba, don dunƙule kika biya.

A ce dila ta tsaya miki naira 300,000, kuɗin mota da ɗan dako 15,000, wanki da guga 10,000. Jimla 325,000. Idan kika raba wa guda 200, kowace ta tashi 1,625, wannan ita ce lambar da za ki cusa wa manhaja. Amma a cikin ɗari biyun nan wataƙila arba'in ne lamba ɗaya, waɗanda ake wawaso tun kina ɗora hotonsu a WhatsApp, casa'in matsakaita, saba'in kuma tarkace da sai an karya su a tsibi. Ranar da kika sayar da lamba ɗaya a 6,000, manhaja za ta yi miki albishir da ribar sama da dubu huɗu a riga guda, ranki ya yi fari, ki ɗauki kuɗin ki yi cefane. Ba ta san cewa waccan rigar ce ke ɗauke da nauyin saba'in ɗin da ke jibge a buhu bayan ƙofa ba.

Akantana dattijo ne, ya yi ritaya daga aikin gwamnati, a unguwarmu yake, Baba muke ce masa. Da aka haɗa mu bai tambaye ni riba ba, bai ma buɗe wayata ba. Cewa ya yi in kira shi ranar da zan fasa dila. Ya zo, aka shimfiɗa masa darduma a tsakar gida, ya zauna yana kallon yadda muke ware kaya ni da yarinyar da ke taya ni, yana tambaya kamar ɗalibi: me ya sa wannan ta shiga nan, me ya sa waccan aka wurga can? Da muka gama ya aiki yaro ya sayo littafi mai bango mai tauri, ya ja layuka da hannunsa, ya ce kowace dila da shafinta. A sama abin da ta ci, a ƙasa duk abin da ya fita daga cikinta da kuɗinsa, kuma kada in kira ko kwabo riba sai shafin ya mayar da uwar kuɗinsa. Har wani gefe ya ware ya rubuta "na gida", inda ake sa rigunan da na cire wa yarana da waɗanda dangi suka zo suka ɗaga suka ce sun yi musu kyau. Na yi dariya a lokacin. Da shekara ta zagayo, abin da ke gefen nan ya kusa kuɗin dila guda.

Da shafuka suka taru ne ya nuna min abin da ido ba ya gani. Dogayen rigunan mata, da nake ji da su saboda suna kawo surutu a Instagram, su ne masu daɗewa kafin su mayar da jari. Kayan yara, da ba na ko son ɗaukar hotonsu, su ne ke rufe shafi da wuri. Rigunan sanyi kuma in ba a saye su kafin Nuwamba ba, aka bari hunturu ya yi nisa, to jarin ya kwanta sai baɗi. Shi ne kuma ya riƙa jera cinikin wata da takardar banki layi bayan layi, har ya tsinto ciniki biyu da aka turo min hoton shaidar biya amma kuɗin bai taɓa sauka ba. Manhaja abin da kika faɗa mata take rubutawa. In kin ce an biya, ta ce an biya. Idan lokacin zakka ya zo ma, shi yake tara min kuɗin hannu da kimar kayan da ke ƙasa da bashin da ake sa ran karɓa, in kai wa malam ya duba nisabi. Allah Ya saka wa bawan Allahn nan da alheri.

Sai haraji, wanda na san shi ne ainihin abin da ya tayar miki da hankali tun da aka fara yaɗa cewa za a riƙa zarar kuɗi daga asusun mutane. Ki kwantar da hankalinki. Dokokin haraji da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, suka fara aiki 1 ga Janairun 2026, kan riba suke magana, ba kan duk abin da ya shigo asusu ba. Mai sana'ar kanta irinki, ko da ta yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, a matsayin mutum ɗaya ake lissafa ta, kuma hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da take zaune ce ke karɓa, wato KADIRS a nan Kaduna. Hukumar tarayya, da aka sani da FIRS yanzu ta koma NRS, sai in kin buɗe kamfani sosai za ku haɗu a kan harajin kamfani. Naira 800,000 na farko na abin da kika samu a shekara babu haraji a kansa. Miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50. Mai zaman haya kuma ana rage mata kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayar gidanta daga abin da za a yi wa lissafi, iyakarsa naira 500,000, in tana da shaidar biya. Bayanin samun shekarar da ta wuce ana miƙa shi kafin ƙarshen Maris.

Ga inda littafin Baba yake biyan kuɗinsa. A ce miliyan shida ne suka ratsa asusunki a shekara. Diloli sun ci miliyan 3.6. Mota, wanki, guga, leda, data da kuɗin masu kai saƙo sun ci 600,000. Ribarki miliyan 1.8. A cire 800,000, saura miliyan ɗaya, kashi 15 ɗinsa 150,000. In kina biyan hayar 400,000, a sake rage 80,000 daga ribar, harajin ya sauko 138,000. To da za a ɗauki miliyan shidan nan gaba ɗaya a matsayin samunki, lissafin 870,000 zai ba da. Wadda ba ta da rubutu, jami'i ne zai ƙiyasta mata da abin da ya gani, abin da ake gani kuwa shi ne kuɗin da ya shigo. Wanda ya fita, ke ce za ki kawo hujjarsa.

Hujjar kuwa ita ce matsalar sana'armu. Gwanjo yana cikin jerin kayan da aka haramta shigowa da su ƙasar nan, akasarinsa ta Kwatano yake biyowa, hannu zuwa hannu, kafin ya iso Kasuwar Barci a Kaduna ko Ƙofar Wambai a Kano. Da wuya ki ga an miƙo miki rasit mai hatimi a kan dila. Manhaja ba ta da abin cewa a nan. Baba kuwa dabara ya ba ni: kada in sake biyan dila da kuɗi a hannu, in tura ta banki in rubuta abin da na saya a wurin bayani, in ɗauki hoton dilar da lambar jikinta kafin a yanka igiya, mai kaya kuma ya sa hannu a shafinta ko da da alama ce. Ya ce a adana irin waɗannan takardu shekara shida. Ya kuma sa na ware asusun ciniki daban. Wannan ki yi shi yau, ko kin ɗauki akanta ko ba ki ɗauka ba. Kuɗin cefane da maigida ya turo, zubin adashi, gudummawar biki, bashin da 'yar uwa ta maido, duk ba riba ba ne, amma in suka cakuɗe da kuɗin kwastomomi a asusu ɗaya, ke ce za ki sha wahalar tsince su. Ko a banki ne, ko OPay, ko Moniepoint, duk ɗaya, in dai ciniki kaɗai ke shiga.

VAT, wato harajin da ake ɗorawa kan kuɗin kayan da aka saya, kashi 7.5 ne, amma kada ki fara ɗora wa kwastomominki. Tun dokar 2019 aka ɗauke wa wanda cinikinsa bai kai miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓarsa, sabuwar dokar ma ba ta dawo da shi kan ƙananan 'yan kasuwa ba.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa, don tun da maganar harajin nan ta taso 'yan damfara suka samu kasuwa. Za ki ga masu talla suna cewa su ƙwararru ne, a turo kuɗi su yi miki rajistar CAC da lambar haraji da takardar shaidar biyan haraji cikin awa biyu. Lambar haraji kyauta ce, yanzu ma lambar NIN ɗinki ce ke tsaya miki a matsayinta. Duk wanda ya yi miki rajistar suna, ki shiga shafin CAC na intanet da kanki ki rubuta sunan, in bai fito ba takardar da ke hannunki ado ce. Ki kuma tambaye shi zancen bayanin shekara-shekara da CAC ke buƙata, don da yawa suna karɓar kuɗin rajista su yi shiru a kan wannan, sai tara ta taru. Wanda ya ce ki turo kuɗin haraji asusunsa zai biya miki, ko ya zo ƙofar gida da kati a wuya yana neman kuɗi a hannu, ki sallame shi. Jihar Kaduna ta hana karɓar kuɗin shiga a hannu tun dokarta ta 2016, ta banki ake biya da sunanki, rasit ya fito da sunanki. Lambar sirrin da banki ke turowa a waya kuwa ko Baba ban taɓa ba shi ba, shi ma bai taɓa nema ba. Akanta takardar bayanin asusu kawai yake buƙata. Haka wasu manhajojin da ke cewa kyauta ne, ki duba abin da suke neman izini a kai. In manhajar lissafi ta ce sai ta ga lambobin mutanen da ke wayarki da hotunanki, bashi take shirin tallata miki, ranar da kika makara kuma kwastomominki za ta bi da saƙo.

Masu sayar da dila ta intanet ma a yi hattara. Akwai masu fasa ta su tsame na kirki, su cika da tarkace, su sake matsewa su ɗaure kamar ba a taɓa ba. Shafin dila yana tona irin waɗannan: in kayan mutum ɗaya suka riƙa kasa mayar da uwar kuɗi alhali na wasu suna mayarwa, ba sai an yi rantsuwa ba.

Wajen zaɓen akantan, ki tambaya ko yana da rajista da ƙungiyoyin akantoci, ICAN ko ANAN, in kuma ya ce haraji ne fanninsa, CITN ta masana haraji. Rubutun wata-wata kam ko ɗalibin lissafi na Kaduna Poly ko jami'ar jihar Kaduna (KASU) mai amana zai iya, da sauƙin kuɗi, amma cike takardun KADIRS ki bar wa wanda ya saba shiga ofishinsu. Ku yi jinga tun farko, kuɗin wata daban, na miƙa bayanin shekara daban, kuma kada ki yarda da wanda ya ce a biya shi da kaso daga abin da ya "rage" miki, don irinsu ne ke rubuta ƙarya da sunanki, ranar bincike kuma ke za a kira. In kin je ganinsa ki tambaye shi yadda zai lissafa dila guda. In ya ce a raba kuɗin da yawan riguna, ki yi masa godiya ki nemi wani.

In dilarki ba ta wuce ɗaya a wata ba tukuna, ba sai kin ɗauke shi wata-wata ba. Ki biya shi zama ɗaya ya ja miki layukan littafi, ki riƙa cikewa da kanki duk dare, sannan ki koma masa a watan Fabrairu da littafin da takardar banki ta shekara. Kuɗin manhajar kuma ki ƙara a kan dilar kayan yara.