Digiri na biyu a agonomiks ta intanet: yadda na same shi daga Jos

Ni likitar gashin ƙashi ce, kuma yawancin masu zuwa wurina da ciwon baya da na wuya ba haɗari suka yi ba, sana'arsu ce ta ci su. Teloli ne da 'yan dako da direbobin Keke Napep da ma'aikatan banki. Sai ka gasa mutum ya samu sauƙi, ya koma kan kujerar da ta jawo masa ciwon, ba a jima ba ya dawo. Shi ya sa na shiga karatun agonomiks, ilimin daidaita aiki da kayan aiki su dace da jikin mai yi, a wata jami'ar Ingila da ke koyarwa ta intanet. Abokan aiki suna ta tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Wajen koyar da awo kam, malaman ba sa wasa. Abin da ya fi yi mini amfani shi ne RULA, hanyar da aka fito da ita a Jami'ar Nottingham a 1993. Za ka ɗauki hoton mutum yana cikin aiki, ka auna yadda wuyansa da gadon bayansa da hannuwansa suka lanƙwashe, ka fitar da maki daga 1 zuwa 7. Na gwada a kan wani dattijon tela da ke kusa da kasuwar Terminus, ya samu 7, ma'ana a canza yanayin aikin nan take. Na ce, "Baba, ba tsufa ba ne, teburin keken nan ya yi maka ƙasa, kuma ba ka ganin allura sosai." Wani kafinta a kasuwar Katako ya ƙara wa teburin tsayi, ya yi masa kujera mai majingina, aka maƙala fitila kusa da allura. Yanzu baban ya rage sunkuyo, ya kuma rage shan maganin ciwon jiki. Wannan kaɗai ya sa ban yi da-na-sani ba.

Inda karatun ya gaza shi ne, an tsara shi don ofis da masana'antar Turai. Lissafin ɗaga kaya na NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, wanda aka sabunta a 1991, iyakar nauyin da ya yarda a ɗaga shi ne kilo 23, kuma wannan idan komai ya yi daidai ne: kayan na kusa da jiki, ba juyi, akwai wurin riƙo mai kyau. Buhun siminti a nan kilo 50 ne. Buhun dankalin da ake saukewa a kasuwar Farin Gada kuwa ya wuce haka. Ɗauka a ka da tafiya da kaya ma ba sa cikin lissafin kwata-kwata. Da na kawo maganar a aji, sai aka ce a sayo injin ɗaga kaya. Wa zai saya wa ɗan dako? Haka ma jadawalin tsawo da faɗin jikin da ake ƙera kujeru da shi, kusan duk na Turawa ne da Amurkawa, dole na riƙa auna mutanena da tef.

Kuɗin makaranta da fam ake biya, duk motsin da naira ta yi sai ka ji a jikinka. Lokaci bai ba ni wahala ba, tunda bambancinmu da Ingila bai wuce awa ɗaya ba, amma wuta da data sun ba ni. Sakamakon wasu ayyukan ma yakan yi jinkirin dawowa.

Wanda yake da asibiti ko kamfani ko wata sana'a da zai gwada abin a kai, ya shiga, kuma ya zaɓi batun binciken kammalawa daga nan gida. Wanda kuwa takardar kawai yake so don neman aiki, ya dakata tukuna. Ban taɓa cin karo da tallar gurbin aiki a Jos da aka nemi mai wannan digiri ba.